Rijiyar su Auta da maganar Kawu

Asabar, dare ya yi nisa.

Tun la'asar maganar Kawu take cina a rai. Na yi wanke-wanke da ita, na yi sallar isha'i da ita, yanzu kuma ta hana ni barci, shi ya sa na tashi na ɗauko waya.

Safiya dai lafiya lau. Hazo ya sauka sosai, koko da ƙosai, sannan na hau keke Napep zuwa Sabon Gari na sayo shuɗin yadi guda shida saboda wasan su Auta. Mai shagon da ya ji na 'yan makaranta ne ya rage mini wani abu, Allah ya saka masa.

Bayan azahar suka taru a tsakar gidanmu, su bakwai, za su gwada wasan. Kun san labarin, wanda Auta ta dame mu da shi tun damina, tana karanta shi babi-babi a WhatsApp: yarinyar da aljannu suka ɗauke wa ƙane ta cikin rijiya, ta ɗaura zani ta bi shi. Auta ta nemi izinin marubuciyar, ta matse labarin ya koma shafi goma sha biyu. Abin da ya fi ba su wuya shi ne rijiyar. Yau suka gano bakin zaren. Mutum huɗu suka riƙe yadin suka yi da'ira suna kaɗa shi a hankali, yarinyar ta taka ciki, su kuma suka ɗaga shi sama har ya rufe kanta, wata a gefe tana buga ƙwarya a kife cikin bahon ruwa. Aljanin ko fenti ba a shafa masa ba. Da baya yake tafiya, yana magana ta cikin tulu. Da yarinyar ta kira sunan ƙanenta sau uku, ƙanen kuma ya dube ta bai gane ta ba, wallahi tsigar jikina ta tashi. Inna ma ta ajiye tsintar shinkafa ta zuba ido.

Kawu na kan tabarma a bakin zaure da rediyonsa. Da suka gama na je na durƙusa na ce, "Kawu, ya kuka ga wasan?"

Ya ce, "Sun yi ƙoƙari. Amma 'yar nan, wannan ai tatsuniya ce. Ki samo musu littafin kirki su yi wasa a kai, abin da yake adabi."

Na ce, "Kawu, wanne ne na kirkin?"

Ya ce irin waɗanda ya yi shekara da shekaru yana koyarwa mana.

A nan na kasa haɗiye maganata. Cikin ladabi na ce masa ai waɗannan ɗin ma cike suke da aljannu. Gandoki bayan ya gwabza da Turawa ina ya nufa, in ba duniyar aljannu ba? Alhaji Imam na Ruwan Bagaja da wa ya kai ga ruwan, in ba da taimakonsu ba? Kuma a garin nan na Zariya aka haifi littattafan, daga gasar rubutu da Bature Rupert East ya shirya a 1933, aka buga su domin yaran da suka koyi boko su sami abin karantawa. Abubakar Imam da aka haifa a 1911 bai fi shekara ashirin da biyu ba lokacin da ya rubuta nasa, yana malamin Midil a Katsina. Saurayi ne ya rubuta wa yara labarin mamaki. Yau ana rubuta digiri a kansa a Samaru. To me ya canja, in ba tsufa ba?

Kawu ya rage sautin rediyo. Na san in ya yi haka magana ce za ta fito.

Ya ce, "Ba aljannun ne suka sa muke karanta Imam ba. Hausar ce. Ɗauko takardar Auta ki karanta mini layin farko da yarinyar ta faɗa."

Na ɗauko. An rubuta: "Ina matuƙar buƙatar taimakonka a wannan lokaci."

Ya ce, "Ke kin taɓa jin yarinyar da ƙanenta ya faɗa rijiya ta yi magana haka? Ihu za ta yi, ta ce wayyo jama'a ku kawo ɗauki. Wannan Hausar fassarar fim ce."

Ban ce komai ba, don gaskiya ya faɗa, kuma ita ce ta fi yi mini ciwo. Na koma ɗaki na karanta shafi goma sha biyun daga farko. Rabin maganganun haka suke, a sandare, ba wanda zai furta su a Tudun Wada ko cikin birni. Wuraren da suka taɓa ni ɗazu duk wuraren da ba a magana ne: yadin, tulun, kiran sunan.

Duk da haka ban yarda da rabin maganarsa ba, har yanzu da nake rubutun nan. Raunin harshe laifin alƙalami ne, ana gyara shi. Bai zama hujjar a ce labarin da aka yi wa 'yan shekara goma sha huɗu, mai rijiya da aljani, ba zai taɓa zama adabi ba. Ni a wurina dandali ma shi ne alƙalin irin wannan labari. A littafi marubuci na iya cewa fadar aljannu ta zinariya ce mai ƙofa dubu, ba ya biyan ko sisi. A fim kwamfuta za ta zana. A dandali kuwa ba ka da komai sai jikin mutum da murya da ɗan ƙyalle, duk ƙyalƙyalin ya zube, abin da ya rage shi ne ƙashin labarin. In babu ƙashi, nan take 'yan kallo za su fara hira. Na ga haka da idona lokacin da nake ɗaliba, a dandalin Drama Village na jami'ar Ahmadu Bello, ginin laka tun na shekarun 1970, inda ɗalibi ɗaya da sanda yake zama runduna guda. Yau kuma da aka cire wa labarin su Auta duk sihirinsa, yarinya ce ta rage wadda aka ba ta amanar ƙane ta yi sakaci, tana tsoron komawa gida ta fuskanci uwarta. Wace babbar 'ya ce a Zazzau ba ta san wannan tsoron ba? Ni na san shi.

Auta ta ji duk abin da aka yi, ashe tana bayan ƙyaure. Da magariba ta zo tana ƙunƙuni, wai a Landan tun 2016 ake wasan Harry Potter a dandali manya na cika wuri, ba wanda ya ce musu tatsuniya ce. Na ce mata su suna da injuna da fitilu, ke kina da yadi shida da tulu, kuma naki ya sa Inna ta bar shinkafa. Amma Hausarki sai kin gyara. Ta ɓata rai, ta ce to wa zai gyara mata. Na ce ki je ki tambayi wanda ya gano ciwon.

Ba ta so ba. Tuwo ma kaɗan ta ci.

Wuta ta ɗauke wajen tara. Sanyi ya ƙaru. Ban goge kayan Litinin ba.

Ɗazu da na fita rufe ƙofar kicin na hango hasken tocila a zaure. Kawu ne zaune da tabarau, takardun Auta a cinyarsa, jan biro a hannu. Ita ta kai masa ko shi ya aika a ɗauko, ban tambaya ba. Na ji yana maimaita wani layi a hankali, yana canja kalma, yana sake faɗa. Gobe ƙarfe huɗu za su sake gwaji, kuma har yanzu ba mu sami tulu na biyu ba, na Inna ya tsage a baki.