Abin da fere gefen allon hawa igiyar ruwa ya koya min

Yawancin masu son haɗa allon rub da ciki da hannunsu, irin wanda mutum ke kwanciya a kai igiyar teku ta kwaso shi zuwa gaɓa, hankalinsu kan tsawo da faɗi da lanƙwasar hanci yake tafiya, gefen kuwa sai a bar shi can ƙarshe ace ai samfefa kawai za'a ɗan goga masa kar ya yanki mutum. Ni dai abinda aikin nan ya nuna min shine wannan ɗan siririn gefen da ake rainawa shi ke yanke hukuncin yanda allon zai yi tafiya a ruwa. Ka yanka alluna biyu daga falle ɗaya, awo ɗaya, nauyi ɗaya, ka bambanta musu gefe kawai, wallahi kamar ba uwarsu ɗaya ba.

Shi allon ai ba wani abu ne mai wuya ba. Wanda aka saba gani a gaɓar Konwal da Debon a Ingila filawud ne siriri, tsawonsa kusan santimita 120, faɗi kusan 30, kauri wajen milimita 9, hancin an ɗan lanƙwasa shi sama. Har gasar duniya aka shirya da shi, wadda aka fara a 2003 a gaɓar Chapel Porth da ke Konwal. Mutanen Hawai kuma tun da daɗewa suna da nasu gajeren allon na katako, paipo, tun kafin wani Ba'amurke Tom Morey ya fito da na soso a 1971 wanda yanzu shi ya cika ko'ina. Na katakon yawanci ba shi da ƙaya a ƙasa, wato ɗan fiffiken nan mai kama da na kifi, irin ta manyan allunan da ake tsayuwa a kai, to tunda babu abin da zai riƙe shi a jikin igiya in banda gefensa, ka ga duk nauyin aikin ya dawo kan gefen kenan.

Abu na farko da sai da na fahimce shi kafin hannuna ya san me yake yi shine halin ruwa da abu mai kumburi. Ka riƙe cokali sako-sako ka kai bayansa jikin ruwan famfo, zaka ga ruwan ya bi kumburin ya naɗe shi har ya jawo cokalin ciki. Masana suna danganta wannan da sunan Henri Coanda, wani injiniya ɗan Romaniya. Haka gefen da aka mulmula yake, ruwa na binsa yana naɗewa, sai allon ya manne da jikin igiya ya zauna daram, amma fa riƙon nan yana cin gudu. Gefe mai kaifi kuwa ruwa baya iya zagaya shi, yana zuwa bakin sai ya tsinke ya fice, allon ya ɗago ya zame a saman ruwa da sauri. Ba wanda yafi wani, kowanne da inda ake buƙatarsa, kuma a allo ɗaya ana son duka biyun.

Shi yasa ban yarda da mulmule gefe gaba ɗaya tun daga hanci har gindi ba, duk da shi yafi kyau a ido kuma shi kowa ke yabawa in ya shafa. A gaba, daga hanci zuwa kusan sulusin allon, eh a mulmule sama da ƙasa, saboda nan ne ke fara haɗuwa da ruwa kuma in da kaifi sai ya cafki ruwa ya nutse ko ya juyar da kai ba shiri. Daga tsakiya sai bakin ƙasa ya fara tsukewa a hankali, yana zuwa gindi ya zama kusan kusurwa sosai, don nan ruwan ke barin allon. Bakin sama kuwa ko'ina a sassauta shi, nan hannu ke kamawa, nan damtse da haƙarƙari ke gogawa, babu amfanin kaifi a wurin sai ƙujewa. Wahalar duk tana wajen sauyawar nan daga mulmulalle zuwa mai kaifi, dole ta zo a hankali yanda in ka bi da yatsa baza ka iya cewa ga inda ɗaya ya ƙare ɗaya ya fara ba.

Sai maganar yanda ake cire katakon, nan ne na fi ƙaruwa. Samfefa ba ta yin siffa, sumul kawai take yi, in ka fara da ita duk ƙwarin da tudun da ke gefen sai ta bi su ta gyara musu zama. Fensir ake fara ɗauka. A ja layi a tsakiyar kaurin gefen zagaye, a ja wani a sama da ƙasa ɗan nesa da baki, sannan a ɗauki ƙaramin filen na kafinta a fere kusurwar a miƙe tsakanin layukan biyu, fuska ɗaya shimfiɗaɗɗiya. Ita ma sai a fere kusurwoyinta biyu, yanzu kana da ƙananan fuskoki uku, kuma fuska shimfiɗaɗɗiya ido na iya auna ta, ka ga inda ta yi faɗi da inda ta tsuke, saɓanin zagaye da ba ka da abin kamawa. Sai siffar ta fito a haka tukunna samfefa ta shigo, daga mai kaushi zuwa mai laushi, lamba 80, sai 120, sai 180 ko 220, kuma a naɗe ta jikin dogon guntun katako a riƙa ja mai tsawo, ba da tafin hannu ba.

Filawud yana da wata kyauta da ban taɓa lura da ita ba sai da na fara fere shi. Tunda shimfiɗa-shimfiɗa ne aka manne, kana ferewa layukan gulu suna fitowa kamar zane, in layukan sun tafi a jere babu karkata to gefen ya daidaita, in ka ga wani wuri sun buɗe ko sun matse to nan hannunka ya danna fiye da kima. Ma'auni ne kyauta. Sai dai kuma shi ɗin yana da ɓacin rai, don kowace shimfiɗa jijiyarta ta gitta ta ƙarƙashinta, in wuƙar filen ta dakushe sai ta ɓantaro ɓawon sama maimakon ta yanka, musamman wajen hanci da kusurwar gindi. Wuƙa mai kaifi, ci kaɗan-kaɗan, a ɗan karkata filen ɗin, shikenan. Mai aiki da katakon paulownia ya huta da wannan, ga laushi ga rashin nauyi, kuma kaurinsa na ba ka filin yin siffa sosai, amma a filawud mai milimita 9 kam abinda ke hannunka kaɗan ne, ja biyar na ganganci ya isa ya cinye gefen.

Daidaita dama da hagu ma wani karatu ne. Abinda ke min aiki shine duk ja goma da nayi a wannan gefe sai in juya in yi goma a wancan, ba wai in gama ɗaya tsaf sannan in zo ina kwaikwayonsa ba. Ina kuma yanka kwali daidai siffar gefen a wuri uku, gaba da tsakiya da baya, in riƙa ɗorawa ɓangare biyun. Fitila a ajiye ta ƙasa-ƙasa daga gefe don inuwa ta tona duk wani tudu, sauran kuma tafin hannu ne, yana jin abinda ido ya wuce.

Wani abu da mutane ke mantawa, gefen filawud nan ne ƙofar ruwa. Ko wanda aka yi don jirgin ruwa ne, mai lambar BS 1088, gulunsa ne ke jure ruwa, katakon kansa yana sha ta baki har ya kumbura ya fara rabewa. Don haka gefe ya fi ko'ina buƙatar banish ko ifoksi, wani irin gam mai hana ruwa shiga, shafi kan shafi. Kuma banish baya zama a kan kaifi irin na reza, janyewa yake ya bar bakin tsirara, shi yasa ko kaifin gindin nan da nake ta yabo sai an ɗan shafe shi da samfefa mai laushi sau ɗaya ko biyu, ya rage kaifi a hannu amma ruwa ya ci gaba da ganinsa a matsayin kusurwa.

Ni yanzu nakan bar gefen da ɗan sauran nama, in yi masa shafi mara kauri, a shiga ruwa da shi tukunna. In yana zamewa gefe a jikin igiya sai a ƙara mulmula tsakiyar, in hanci na cafkar ruwa a ƙara sassauta gaban, in kuma yana jan jiki kamar an riƙe shi ta baya to gindin ne ya yi zagaye da yawa, sai a bi bakin da filen a miƙe a dawo masa da kusurwarsa, allon zai rasa milimita ɗaya ko biyu na faɗi wanda ba wanda zai lura. Bayan nan ne ake yin shafin ƙarshe.