Resi ne ya raba mu da maroƙa

Shekara huɗu ƙungiyarmu ta wasan kwaikwayo da zane tana ci daga tukunya ɗaya. Wata ƙungiyar Turawa ce ke biyan hayar ɗakin da muke atisaye a unguwar Zango ta Zinder, ita ke sayen fenti da takarda, har kuɗin kabu-kabun yara. Da aka yi juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, tallafin waje ya tsaya cik, aka rufe iyakar Najeriya, wutar da ke zuwa mana daga can ta yanke. Ranar da na buɗe akwatin kuɗinmu, jaka 18 na tarar, ga yara 32 suna jiran in ce musu wani abu.

Abin da na iya shi na yi. Na zauna dare uku na rubuta takardar neman tallafi da Faransanci, shafi 12, na ɗauka sai Kasuwar Dole wurin wani Alhaji mai sayar da yadi, abokin marigayi mahaifina. Ya karɓa, ya jijjiga ta a hannu kamar mai gwada nauyin goro, bai buɗe ba.

"Ɗana, nawa kake so, kuma me za ka yi da su?"

Na shiga kame-kame, ina ta maganar ci gaban matasa. Ya zaro jaka biyu ya ce in sha ruwa. Irin miƙowar da ake yi wa mai kalangu a gidan biki. Na karɓa na yi godiya, amma har na kai gida kunnena zafi yake. Inna ta ji labari ta ce, "To, ɗan malamai ya koma roƙo."

Maganar ta tsaya mini a wuya, don ita ce ainihin ciwonmu. A garin nan wanda ke wasa a gaban jama'a kuma yana neman kuɗi, sunansa a shirye yake. Ba wai Damagarawa ba su san daɗin kwaikwayo ba ne, mu ne fa masu wasan kara, inda talaka ke shigar manya gari ya yi ta dariya. Kallo suna so. Inda kuɗinsu zai shiga ne ba su gani.

Wadda ta fitar da mu uwar adashi ce, mahaifiyar ɗaya daga cikin ƴan matanmu. Ba ta yi lakwal ba, amma shekara da shekaru tana riƙe da zubin mata ba a taɓa jin kanta da kowa ba. Muka roƙe ta ta zama ma'aji. Sharaɗinta uku: littafi ɗaya na shiga da fita, kada dala ta fita sai mutum biyu sun sa hannu, kuma duk wanda ya ba da ko dala biyar ce a yanka masa resi. Ni kaina sai da ta tsare ni kan jaka ɗaya ta shayi da ban rubuta ba. Na ji haushi a ranar, ba zan ɓoye ba.

Ta kuma hana mu cewa "a taimaka". Sai dai mu faɗi abu da sunansa. Na koma wurin Alhaji na ce, "Baba, yadi goma na fari muke so, za mu ɗinka labulen dandali." Ko gardama babu, ya sa yaron shago ya yanko. Tela ya ɗinka kyauta. Wani baduku a Birni ya ba mu ragowar fata muka yi kayan sarki. Mai gurup, wato injin wuta, ya ce mu zuba mai kawai. Bayan wasa na koma shagon da hoton labulen a waya da resinsa a hannu. Ya daɗe yana kallo, sannan ya kira maƙwabcinsa mai takalma ya nuna masa. Wata na gaba su biyu suka ba mu.

Wajen talla ma mun sha ƙasa da farko. Jaka 15 muka zuba a takardun manna bango da Faransanci, iska da awaki suka raba. Abin da ya cika mana fili muryar wata yarinya ce ƴar shekara 14, saƙon da bai kai minti ɗaya ba a WhatsApp, da Hausa, tana kwaikwayon mai garuwa yana ciniki da matar gida. Kowa a Zinder ya san wahalar ruwa, sai saƙon ya yi ta yawo. Muka ƙara da zagaya fadojin samari da dare, a yi musu wasan minti biyar kafin shayi ya nuna, a faɗi rana da wuri. Shiga dala ashirin. Wasa ɗaya dai ruwan Agusta ya tarwatsa mana, muka mayar wa mutane kuɗinsu.

Yanzu yara biyu na koyon riƙon littafi a hannun Hajiya uwar adashi, uku na kula da saƙonni da hotuna. Haya muna biya da kanmu, wani watan da kyar. Jibi zan kai wa Alhaji lissafin wata uku, kuma ta riga ta aiko a gaya mini resin fenti bai iso hannunta ba.