Sitatimen ɗin banki a gaban alƙali

Shekarata ta farko a aikin lauya oga ya ban fayil ɗin wani Alhaji ɗan Kantin Kwari, ya tura wa mutum kuɗin atamfa ta banki, kaya ba su zo ba kuɗi ma ba su dawo ba. Alhaji ya zo ofis da sitatimen ɗinsa da ya yi firintin a shagon kwamfuta, har ya ja layi da jan biro a ƙarƙashin turansifa ɗin, yace min "Barista ai ga shi nan ƙuru-ƙuru, me kuma ya rage?" Wallahi nima a lokacin haka na ɗauka.

Ranar zama ina miƙa takardar lauyan ɗaya ɓangaren ya tashi yace bai yarda ba, ina satifiket ɗin sashe na 84? Dokar Shaida ta 2011 kenan, duk abinda ya fito daga kwamfuta sai an nuna na'urar tana aiki daidai lokacin da ta fitar da shi kuma dama da ita ake wannan aikin kullum, satifiket ɗin shi ne takardar da ke tabbatar da hakan, Kotun Ƙoli ta riga ta tsaya a kan haka a shari'ar Kubor da Dickson ta zaɓen gwamnan Bayelsa. Ga kuma sashe na 90, sitatimen ɗin kwafi ne na bayanan banki don haka sai jami'in bankin ya tabbatar, da baki ko da takardar rantsuwa, cewa a harkar yau da kullum aka shigar da shi kuma an gwada kwafin da na asali sun yi daidai.

Oga ya matso ya raɗa min in janye takardar kafin alƙali ya yanke, saboda in aka rubuta mata an ƙi karɓa shikenan ta mutu a wannan shari'ar. Na janye muka nemi a ɗage.

Abinda ya fi ci min rai fuskar Alhaji ce a bakin kotu, mutum yana da gaskiya kuɗinsa ne amma ya koma gida yana ganin kamar an mayar da shi maƙaryaci. Sai da muka kai wa bankin sammaci, wata ma'aikaciya ta zo da sitatimen mai sitamfi da sa hannu da satifiket a manne, sannan aka karɓa.

Yanzu duk wanda ya shigo min da hoton alat a waya, tun kafin ya gama ba ni labari nake fara rubuta wa bankinsa takarda.