Kunyoyin da ciyawa ta rufe a Roscommon

Lokacin da karatun tarihi ya kai ni ƙauyukan gundumar Roscommon a ƙasar Ayalan, na tafi da ra'ayin da makaranta ta dasa mini tun ina ƙarami, wato tarihi shi ne abin da aka rubuta aka buga masa hatimi, abin da tsofaffi ke faɗa kuwa ɗan uwan tatsuniya ne. Aikina shi ne in bi sawun abin da Babbar Yunwa ta 1845 zuwa 1852 ta bari a wasu 'yan ƙauyuka, yunwar da ta biyo bayan cutar da ta ruɓar da dankalin Turawa, ta kashe mutum kusan miliyan ɗaya, ta kuma kori wani miliyan ɗin zuwa ƙetare. Roscommon kaɗai ta rasa kusan kashi ɗaya cikin uku na jama'arta tsakanin 1841 da 1851.

Takardar da na dogara da ita ce ta fara ba ni kunya. A watan Yunin 1922, a farkon yaƙin basasa, ma'adanar takardun gwamnati da ke ginin Four Courts a Dublin ta ƙone, mafi yawan takardun ƙidayar 1821 zuwa 1851 suka zama toka, saboda haka sunayen talakawan da yunwar ta cinye sun tafi tare da su. Abin da ya tsira da yawa shi ne takardun masu gandu. A gidan Strokestown Park da ke Roscommon, inda aka buɗe gidan tarihin yunwar a 1994, akwai dubban takardu na iyalin Mahon, kuma daga cikinsu ne aka san cewa a 1847 an tasa manoma 'yan haya 1,490 a ƙafa, suka bi gaɓar hanyar ruwa ta Royal Canal har Dublin, tafiyar kilomita 165, aka zuba su a jiragen ruwa zuwa Kanada, ɗaruruwa suka mutu a hanya. A watan Nuwamba na shekarar aka harbe mai gandun, Manjo Denis Mahon. Takardun suna da daraja ƙwarai, amma wanda ya rubuta su mai bin bashi ne, kuma mai bin bashi ba ya ganin komai a jikin mutum sai abin da ya rage masa na kuɗin haya.

Daga nan malamar da ke duba aikina ta mai da ni ga rubutun 'yan makaranta, abin da da farko na ɗauka raini ne. Tsakanin 1937 da 1939, hukumar tattara al'adun gargajiya ta ƙasar, wadda aka kafa a 1935 ƙarƙashin Séamus Ó Duilearga, ta sa yara kimanin 50,000 daga makarantun firamare 5,000 su je su tambayi iyaye da kakanni da maƙwabta, su rubuta abin da suka ji game da magungunan gargajiya, da rijiyoyin da ake ziyarta don neman tabarraki, da sunayen gonaki, da zamanin yunwa. Sun tara shafi kusan 740,000, kuma yanzu ana karanta yawancinsu a shafin intanet na Dúchas. Wanda ya saba da rubutun yara zai gane inda ɗalibi ya gaji hannunsa ya karkace, da inda malami ya gyara masa kalma. Muhimmin abu shi ne tsohon da ya ba yaro labari a 1938 yana iya kasancewa ɗan wanda ya ga yunwar da idonsa ne, wato baki biyu kacal ke tsakanin abin da ya faru da tawadar.

A nan na yi kuskuren da ya fi koya mini aiki. Na lura cewa sau da yawa masu ba da labarin suna cewa yunwar ba ta yi tsanani a ƙauyensu ba, a ƙauyen gaba ne mutane suka mutu a bakin hanya, alhali alƙaluma sun nuna ƙauyen nasu ma ya ragu sosai. Sai na rubuta a rahotona cewa wannan shaida ce ta raunin tarihin baka. Malamar ba ta soke jimlar ba, ta dai tambaye ni a gefen shafi ko su wa suka rage da za su ba da labarin. Na kwana biyu ina juya tambayar. Waɗanda suka fi shan wahala sun mutu ko sun yi ƙaura, waɗanda suka rage kuwa wasunsu sun faɗaɗa gonakinsu da filayen maƙwabtan da aka kora, wasu kuma an daɗe ana yi wa zuriyarsu gorin cewa kakanninsu sun sauya ɗarika daga Katolika zuwa Furotesta don a ba su miyar agaji. Mutumin da ke zaune a kan irin wannan gado ba ƙarya yake yi ba idan ya tura yunwar ƙauyen gaba, kawaici yake yi, irin wanda duk Bahaushe ya san shi idan aka zo maganar asalin wani gida.

Na ga haka da idona wajen wani dattijo manomi da ya haura shekara tamanin. Ya nace in kira shi da sunansa na yanka kamar yadda suke yi, ni kuwa bakina ya ƙi, har muka rabu ina kewaye sunan. Na kunna na'urar ɗaukar murya a ɗakin girkinsa, muka yi awa guda yana ba ni labarin farashin shanu da ruwan sama, muna shan shayi kofi bayan kofi. Sai da na kashe na'urar na sa ta a jaka ya ɗauko sandarsa ya ce in biyo shi. A gangaren wani tudu da tumaki ke kiwo ya tsaya, ya ce in jira rana ta ƙara yin ƙasa. Da hasken ya kwanto ta gefe, sai ga kunyoyin dankali jere a ƙarƙashin ciyawa, masu faɗi, waɗanda aka yi da shebur aka kuma bar su ba a sake taɓawa ba. Kusa da su akwai tarin duwatsu da na ɗauka shinge ne ya rushe, ashe kufai ne na gidaje uku. A Hausa kalmar kunya tana nufin tudun shuka, tana kuma nufin abin da ke hana baki magana, kuma a wannan filin na tarar da duka biyun.

Ya faɗa mini sunan iyalin da suka zauna a wurin, sunan da har yau ake kiran filin da shi ko da yake ba ya cikin taswira, ya kuma ce kakan kakansa ne ya karɓi filin bayan an fitar da su. Na tambaye shi ko in rubuta. Ya ce in rubuta sunan filin, amma in bar nasu sunan tukuna, domin 'yar'uwarsa tana da rai kuma ba za ta so ba. Haka na yi. A rahoton da na miƙa, filin ya fito da sunansa da wurinsa da adadin kufan da ke cikinsa, gurbin mai ba da labari kuma na rubuta cewa wani manomi ne na yankin, na goge jimlar da na yi a kan raunin tarihin baka.