Makulli ɗaya na yi wa dukkan ƙofofina

Ranar Asabar ɗan ƙanena ya dawo daga Computer Village ta Ikeja da sabuwar waya, baki har kunne. Muna zaune a ƙofar shago a Agege yana buɗe imel, Facebook da manhajar banki, duk inda aka nemi kalmar sirri sai na ga abu ɗaya yatsansa ke bugawa. Na ce, "Kai, me kake sa musu?" Ya ce, "Sunana ne da shekarar haihuwata, Baffa, don kar in manta." Sai da gabana ya faɗi, domin amsar da na yi shekaru ina ba kaina ke nan.

Imel ɗina na farko na Yahoo ne, yaron kafe ya buɗe min a Obalende. Shi ya ce in kawo abin da ba zan manta ba, na ba shi sunan 'yata ta fari da ƙarshen lambar wayata. Da ita na buɗe duk abin da na buɗe bayan nan. A 2017 Yahoo ya fito ya ce satar bayanan da aka yi masa a 2013 ta shafi dukkan asusunsa biliyan 3. Na ji labarin, na ɗaga kafaɗa. Wa ya damu da imel ɗin mai sayar da albasa a Mile 12? Ban san cewa ɓarayin nan ba mutum suke nema da suna ba. Jerin imel da kalmomin sirri suke samu, na'ura ta riƙa gwada su a wasu ƙofofin, wadda ta buɗu ta buɗu.

Amma abin da ya kayar da ni ya fi wannan kusa. A cikin danfo tsakanin Oshodi da Agege aka zare min waya. Babu makulli a kan layin, lambar sirrin katina kuwa na ajiye ta cikin lambobin waya da sunan "Alhaji Kati", ina ganin na yi dabara. Na ce gobe da safe zan je a rufe layin, dare ya yi, ga ruwa ana yi. Kafin gari ya waye sun kwashe abin da ke asusun, ciki har da kuɗin albasar wani mutumin Aliero da ya ba ni amana. Sannan suka bi mutanena ta WhatsApp cewa ina asibiti. Surukina, dattijon da ko ƙwandala bai taɓa tambayata ba, ya tura. Kuɗin amanar na biya a hankali. Idon surukina ne har yau ba na iya haɗawa da nawa yadda na saba.

Wani lokaci nakan ce ba laifina ba ne. Wa ya koya mana? Komai da Turanci yake zuwa, mu kuma kasuwa muka taso, ba aji ba. Gaskiya ne. Amma wanda ya san ya sa kwaɗo biyu a ƙofar shago, ya biya maigadi duk wata, ba zai ce bai san ma'anar makulli ba. Ganda ce ta hana ni. Ko da yake, in aka duba, mutum nawa ne zai riƙe kalmomi ashirin a ka, ga lissafin kasuwa, ga kuɗin makarantar yara?

Daga nan na yi wautar ta biyu. Wani yaro ya sa min manhajar ajiye kalmomin sirri a tsohuwar kwamfutata, irin wadda ke kulle su duka da babbar kalma guda. Tsoro ya sa na ƙirƙiri wata doguwa, na ƙi rubutawa ko'ina. Na tafi gida salla, na yi wata guda, na dawo ta ɓace min fes. Irin wannan manhaja ba ta da wanda za ka je ka roƙa, haka aka gina ta, kuma daidai ne. Sai da na sake komai daga farko.

Na so in jero muku shawarwari goma, amma ga abin da ya rage. Imel ɗinku ya samu kalmarsa shi kaɗai, domin ta nan ake sauya sauran. Ku sa manhaja ta ƙirƙiro muku kalmomi ta ajiye: Bitwarden na da ta kyauta, KeePass kyauta ce tun 2003, ita a na'urarka take ajiye komai, don haka sai ka yi kwafi a wani wuri. Ba na ce babu haɗari ba. A 2022 an kutsa LastPass, wata manhajar irin waɗannan, an kwafi rumbunan mutane, duk da a kulle suke, kuma masu raunin babbar kalma su ne hankalinsu ya fi tashi. Har yanzu zuciyata ba ta gama kwanciya da tara ƙwai a kwando ɗaya ba, amma ya fi abin da na yi.

Kada ku rubuta kalmar sirri a ko'ina. A'a, babbar kam ku rubuta ta a takarda, ku sa a ƙasan akwati inda kuke ajiye takardar fili. A waya ne ban yarda ba. Ku kulle layinku da lamba, ku kunna lambobi shida na tabbatarwa a WhatsApp. Lambar da banki ya turo ta saƙo kuwa, ko wa ya kira, ko ya karanto muku BVN ɗinku daidai, kada ku faɗa.

Abin da ke ƙona min rai, ku yaran yanzu kun iya Turancin da muka rasa. Yaro zai yi awa uku a TikTok amma minti biyar na gyara makullinsa ya gagare shi. Kukan miƙa wa mai caji waya a buɗe, ku faɗa wa mai gyara lambar buɗewa ku tafi yawo, budurwa ma ta san ta. Mu jahilci ya ci mu, ku mene ne?

Duk wannan na faɗa wa ɗan ƙanena. Ya sauya ta banki, ya ce sauran sai gobe, za a fara ƙwallo. Na riƙe wayar na ce ba inda za shi sai ya kulle layin a gabana. Ya kulle yana ƙunƙuni. Ta imel ɗin har yau sunansa ce da shekarar haihuwarsa, jiya ma na sake tambayarsa.