An manna takarda a ƙofa

Laraba, aikin safe. Sanyi kamar me, bas kuma ya makara. Ina isa gidan kula da tsofaffin da nake aiki a Ingila na tarar an manna takarda a ƙofa wai an dakatar da ziyara sai abin da hali ya yi. Amai da gudawan nan na hunturu ne, norobairos, ya kama wasu tsofaffi a saman bene. Mu na ƙasa lafiyarmu lau.

Wanka, canjin kaya, karin kumallo, magani. Wanke hannu da sabulu har fata ta fara tsagewa, don wannan cutar ba ta jin man shafawan nan na hannu.

Wajen sha biyu sai ga 'yar Kaka da kularta ta miya. Kaka wata tsohuwa ce cikin waɗanda muke kula da su, mantuwa ta ci ƙarfinta, ni da nake mata wanka kullum ma wani lokaci kallon baƙuwa take min, amma da ta ji muryar 'yarta sai ta buɗe baki ta karɓi abinci. Ni na buɗe ƙofa. Ta nuna takardar ta ce, "Har da ni?" Na ce bari in kira manaja. Sai ta riƙe hannun rigata ta nuna min tagar falo, ta ce a 2020, lokacin korona, ta irin wannan tagar take ganin babanta a wani gidan, yana ta yafito ta da hannu ta shigo, bai gane me ya hana ta ba, ya ɗauka fushi take da shi. Haka ya rasu. Ba kuka take ba fa, a tsaye take ƙyam, hannun da ke riƙe da kular ne kawai ke rawa.

Na samu Madam manaja a ofis da waya a kunne, ma'aikata biyu sun kwanta, tana neman masu cike gurbi. Matar nan ba muguwa ba ce wallahi, tsoro ne da gajiya. Na ce Madam, ai akwai doka yanzu, tun 6 ga Afrilu 2024 ziyara ta shiga cikin ƙa'idojin da CQC, hukumar da ke sa ido kan gidajen kula da asibitoci, ke bincika a Ingila, dole gida ya ba da damar a ziyarci mazauna. Ta ajiye wayar ta ce, "Ki karanta sauran. Sai dai in akwai yanayi na musamman. Mutane na amai a sama, wannan ba na musamman ba ne?"

To a nan fa gizo ke saƙa, kuma abin da masu fafutukar haƙƙin ziyara ke ta faɗa ke nan, an bar ƙofa a buɗe ga duk wanda ke son rufewa. Na ce mata ni da safen nan cikin bas na zo maƙil da mutane ana ta tari, wanda za a turo miki anjima jiya a wani gidan ya yi aiki, gobe yana wani, duk za mu shiga ɗakin Kaka mu taɓa ta. Ita 'yar Kaka daga gidanta take zuwa, ɗaki ɗaya take shiga. A ba ta safar hannu da rigar leda, ta shigo ta ƙofar lambu, ba sai ta bi ta falo ba. Ko a kan korona ma ai tun 2022 gwamnati ta ce in cuta ta ɓarke a bar wa kowa aƙalla mutum ɗaya. Ta yi shiru, sannan ta ce sai ta ji daga hedkwata.

'Yar Kaka ta koma mota ta zauna jira. Ni na kai wa Kaka abinci, na yi lallashi, na yi 'yar waƙar da take so, ta datse baki ta kau da kai, ruwa ma da ƙyar. A takarda na rubuta ta ƙi ci. Har na tashi aiki hedkwata ba su kira ba, motar kuma tana nan a waje.

Abin ya tsaya min a rai ne saboda ba yau aka fara ba. John's Campaign ma, fafutukar neman a bar dangi su zauna da masu cutar mantuwa a asibiti, daga nan ta samo asali, wani likita Dr John Gerrard mai cutar mantuwa aka kwantar a asibiti a 2014, wannan norobairos ɗin dai ya sa aka taƙaita ziyara, ya shiga da ƙafarsa da bakinsa, bayan sati biyar ya fito ba tafiya ba magana sosai. 'Yarsa Nicci Gerrard da ƙawarta Julia Jones suka ce ba za a sake ba. Sai korona ta zo aka yi wa ƙasa guda haka, sai 8 ga Maris 2021 aka yarda mutum ɗaya ya shigo ciki ya riƙe hannu bayan gwaji. Jenny Morrison da Diane Mayhew suka kafa ƙungiyar Rights for Residents, yanzu suna cikin Care Rights UK, kuma har yau abin da suke nema bai samu ba: Dokar Gloria, sunan mahaifiyar 'yar wasan kwaikwayo Ruthie Henshall, wato kowane mai rauni ya zama yana da haƙƙi a doka na samun mutum ɗaya nasa a kusa da shi, gidan kula ne ko asibiti, ba sai manaja ya ga dama ba.

Da daddare na kira Inna na ba ta labari, ta kasa ganewa sam. Ta ce, "Su hana 'ya jinyar uwarta? To wa zai ba ta abinci?" Na tuna lokacin da Baba ya kwanta, Yaya ce ke shimfiɗa tabarma a gefen gado, ita ke juya shi, ita ke gane yana son ruwa tun bai motsa ba. Asibitocinmu na gida da matsalolinsu birjik, ban musa ba, amma babu wanda zai kalli mai jinya ya ce mata baƙuwa.

Baban yara ya ce in bi a hankali, bizata a hannun wurin aikin take. Gaskiyarsa ne, na sani, shi ya sa ko sunan garin ba na faɗa. Amma rubuta wa ɗan majalisar mazaɓa ba laifi ba ne, kowa na yi, na buɗe kwamfuta na fara, in yara sun yi barci zan ƙarasa.

Gobe hutu nake. Na roƙi abokiyar aikina ta turo min saƙo da rana in ji ko an bar 'yar Kaka ta shiga, in ba a bari ba jibi zan sake komawa ofishin Madam.