Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Iyaka ce ta same mu

Makon jiya na tsaya a kan shigata makarantar kwana, amma ku yi haƙuri, sai na koma Jibiya tukuna, don maganar Inna Babba ta hana ni sakat.

Duk wanda ya kira ta 'yar Nijar, amsarta ɗaya ce: "Iyaka ce ta same mu, ba mu muka same ta ba." Da ƙuruciya na ɗauka faɗan tsofaffi ne. Sai da na girma na san bayan masu jihadi sun ci Katsina a 1807, sarakunan Haɓe arewa suka yi, suka kafa Maraɗi, shi ya sa har gobe Sarkin Katsina ake ce wa sarkin can. Ƙasarmu ta zauna a tsakani, dawakin wannan su wuce, na wancan su dawo. Daga baya Turawan Ingila da na Faransa suka zo suka kafa turakunsu tsakanin 1906 da 1908. Gidan su Inna ya faɗo kudu, gonar ubanta ta faɗa arewa, wajen Ɗan Isa.

Gulbin Maraɗi ma bai san da turakun ba. Daga wajenmu yake tasowa, ya bi ta Madarunfa da Maraɗi, ya kewayo Najeriya ya faɗa Rima. Da aka datse shi a dam ɗin Jibiya, Kawu na Maraɗi ya zo kasuwar Lahadi yana huci, wai mun riƙe masu ruwan fadama. Baba ya ce, "Yaya, ni na gina shi?" Shekara biyu ba su gaisa ba. Shi wannan Kawun ne kuma ya sayar da gonar Inna ba da sanin kowa ba, na bar shi da Allah, amma ban manta ba.

Abin da ya fi ci mani rai a 2019 ya faru. An rufe iyaka a watan Agusta, ga shi an hana sayar da mai kusa da ita, Magama, garin da ke bakin iyakar, ta yi tsit kamar an share. A cikin wannan hali Goggo ta rasu a Ɗan Isa. Tafiyar da muke yi da keke muna yara, sai ga ni da furfurata a bayan babur, muna ratse ta gonakin gero kamar ɓarayi. Na iske an rufe ta. A bakin kabarin wani yaro cikin dangi ya ce, "Baba, ku 'yan Najeriya kullum a makare." Maganar Inna ta zo mani har baki, kuka ya hana ni faɗa.

Ashe ban ma gaya maku yadda aka yi auren Goggo can ba, a 1987, shekarar da aka ba mu jihar Katsina. A kan raƙumi aka kai gararta. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.